Kafin Ishaya Ya Goge Kwamfutar

Nassarawa GRA, Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kin isa Wusasa lafiya, kin kuma tarar da kawunki Yohanna da mutanen gida ƙalau. Ki gaishe min da su ɗaya bayan ɗaya, har da taubashinki Ishaya, ko da yake shi ne ya jawo min wannan zaman rubutu. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare hanyar Inugu da ke gabanki, ya sa ki shiga makarantar horar da lauyoyin nan da ƙafar dama.

Jiya a waya na roƙe ki kada ki bar Ishaya ya taɓa kwamfutarki sai takardata ta iso. Kika ce, "To, Mama," irin "to" ɗin nan naki mai nuna kin gaji da ni. Na gode duk da haka. Na san ranar Asabar kuka tsayar, zai goge Windows ɗin da ke ciki ya zuba miki Linux, ki tafi makaranta da ita a haka. Ga abin da na kasa faɗa a waya, bari in fara da shi kada in yi ta kewaye-kewaye. Ina tsoron bidiyon marigayi babanki, wanda ya ɗora tawul a ka, babu inda ya rage a duniya sai cikin kwamfutar da ke hannunki. Ban ma tabbata yana ciki ba. Tun Litinin na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke labulen da ba su yi datti ba, har Malam Sale, mai gadin Alhajin da ke gidan gaba, ya zagayo baya ya ce, "Malama, baƙi za a yi ne?"

Yadda aka zo nan doguwar magana ce, kuma sai na faro ta daga nesa. Ki daure ki karanta. Shekara guda za ki yi kina karanta abubuwan da suka fi wannan tsawo da rashin daɗi.

Kin tuna ranar da muke ninke kayanki, kika fara min maganar canza tsarin kwamfutar? Kika ce ta yi nauyi, tana tsaya miki a tsakiyar aiki, kuma duk sanda kika kai filash shagon buga takardu sai ya dawo miki da cuta. Kika ce Ishaya ya ce sabon tsarin ba shi da nauyi, kyauta ne, kuma cuta ba ta cika kama shi ba. Ni kuma na ce ki bari, ba yanzu ba. Sai kika ce, "Mama, ke fa tafireta kika sani." Da dariya kika faɗa, ni ma na yi dariya. Amma maganar ta zauna min a ƙirji, domin gaskiya ce.

To, bari in ba ki labarin tafiretar.

A zamaninmu, ranar jarrabawar buga tafireta kowace ɗaliba da na'urarta take shiga. Tawa tsohuwa ce, baƙa, mai nauyin tsiya, sai mun kama ta mu biyu ake hawa bene da ita. Wasu haruffanta suna maƙalewa, sai an doke su da ƙarfi suke tashi. Amma na san halinta, ita ma ta san nawa. Ana gab da jarrabawa sai na ji an kawo sabuwa mai aiki da lantarki ofishin da wani abokin kakanki yake. Na je na gan ta, fara sol, ko ƙara ba ta yi. Na hana kakanki sakat sai da ya aro min ita. Ana gobe jarrabawa aka kawo, na shafa ta, na rufe ta da zane don kada ƙura ta taɓa ta. Ban buga ko shafi ɗaya a kanta ba, wai ina tattalin ta.

Da aka ce a fara, na ɗora yatsuna a layin tsakiya kamar yadda aka koya mana. A tsohuwar, kana iya sauke nauyin hannunka a wurin, ba abin da zai faru. Ita wannan kuwa ko shafa ta ka yi sai ta rubuta. Kafin in karanta jimlar farko ta riga ta zubo min layi guda na shirme. Na canza takarda. Na ci gaba da dukan haruffa da ƙarfin da na saba, kowane harafi yana fitowa biyu-biyu. Malamar da ke tsaron mu ta zo ta tsaya a kaina ta ce a hankali, "Ladi, ba daka kike yi ba fa." Na faɗi jarrabawar. Ni da nake ta ɗaya a aji wajen sauri, sai da na jira wata shekarar, ina kallon ƙawayena suna fara aiki.

Na'urar ba ta da laifi, Saratu. Ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Hannuna ne bai san ta ba, kuma ban ba shi lokacin saninta ba. Saboda haka shawarata ta farko ita ce, kada ki shiga wuri mai wuya da kayan aikin da yatsunki ba su saba da shi ba. Na ji ana cewa makarantar nan ba a numfashi a cikinta, daga aji sai aikin rukuni, daga nan sai karatu. Ranar da rukuninku ke jiran ki haɗa aiki ki miƙa, ba ranar neman inda aka ɓoye maɓallin ajiyewa ba ce.

Na san me za ki ce. Za ki ce ai shi ke nan, Mama ta sami labarin da za ta ɗaure ni da shi. A'a. Da a nan labarina ya tsaya, da hankalina a kwance yake. Akwai na biyu, kuma shi yana gefenku ne, ke da Ishaya.

Faɗuwar nan ta sa na tsani duk wani sabon abu mai haɗa waya da bango. Na zo Kano, na yi shekaru ina koyar da tafireta a makarantar 'yan mata, ana yabona, ɗalibaina suna samun aiki a ofisoshi. Sai wata shekara aka kawo kwamfutoci, shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce, "Malama Ladi, ke ya kamata ki riƙe ɗakin nan. Ki je horo a dogon hutu." Na ce mata kwamfuta ta malalata ce, waɗanda ba su iya buga shafi babu kuskure ba. Har na ƙara da cewa yayi ne, zai wuce. Babanki ya lallashe ni, ya ce, "Je ki gani mana, ai ba cizo take ba." Na ƙi. Aka tura wata yarinya da ni na koya mata ɗora yatsu. Ba a daɗe ba aka kwashe tafiretocina aka jibge a sito, ɗalibai suka koma wancan ɗakin, ni kuma aka mayar da ni mai duba tsaftar farce da tsayin siket a bakin ƙofa. A haka na yi ritaya. Kwamfutar da na iya yau, wadda nake buga rahoton zumuntar mata da ita, ke kika koya min, kina aji uku, kina ta min tsawa.

Don haka ba ni da bakin da zan ce miki kada ki canza har abada. Wanda ya ƙi koyon sabon abu don tsoro, sai ya sa wa tsoron suna mai kyau, ya ce natsuwa ce ko sanin ya kamata. Ni na yi, na san ɗanɗanonsa. Idan kin ji zuciyarki na son sanin abin nan, ki koye shi. Lauyan da ke tsoron na'ura a wannan zamani, wahala zai sha.

Kin ga inda nake ke nan. Rabina na cewa ki bari, rabina na cewa ki yi. Kika tafi Zariya kika bar ni da su biyun suna ta gardama a kaina, ga kuma maganar tafiretar nan tana ci na. Sai ranar Asabar da ta wuce na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na buɗe kabad, na ɗauko tsohuwar kwamfutarki, wadda kawunki ya ba ki da kika gama sakandare, mai tsagaggen gefe. Na ce bari in sa a zuba mata wannan Linux ɗin, in gwada da hannuna, don in na ba ki shawara kada ki sake ce min tafireta na sani. Na hau adaidaita zuwa titin Beirut, na sami wani mai gyara, Malam Nura, mutum mai fara'a.

Da na faɗa masa abin da nake so, sai ya cire gilashinsa ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, wa ya aiko ki?"

Na ce, "Malama ce, ba Hajiya ba. Kuma ba wanda ya aiko ni, ni zan yi aiki da ita."

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Malama. Wallahi ko samari ba kasafai suke nema ba. Amma fa fomat zan yi mata, komai na ciki zai tafi. Babu abin da za a kwashe?"

Na ce babu, tsofaffin takardun makaranta ne kawai.

Ya sake cewa, "Ki dai tuna, Malama. Hotuna, ko wani abu na yara? In na danna, an gama."

Saratu, sau biyu bawan Allahn nan ya tambaye ni. Ni kuwa hankalina yana kan yadda zan kira ki in ce miki ga shi na riga ki. Na ce masa, "Goge, Malam Nura, sauri nake." Ya goge.

Sai ranar Litinin, ina shanya tawul a igiya, abin ya faɗo min. Na zauna a ƙasa a wurin, da jiƙaƙƙen tawul a cinyata.

Ke kika ɗauki bidiyon, amma bari in faɗa miki yadda nake tuna shi, ko don in ji ko har yanzu yana kaina daidai. Ranar da sunanki ya fito an ba ki karatun lauya ne. Kin ajiye kwamfutar a kan tebur kina gwada kyamararta. Babanki ya fito daga wanka, ya naɗa farin tawul a ka wai gashin alƙali ne, ya karɓe ludayin da ke hannuna, ya kife turmi ya zauna. Ya buga ludayin a tebur ya ce kotu ta zauna, za a yi shari'ar wanda ya cinye dambun naman da ke cikin gwangwani. Ni ce wadda ake tuhuma, ke ce lauyata, kina ta kawo hujja kina dariya har da hawaye. Ya gyara murya ya ce, "Kotu ta sami Malama Ladi da laifi dumu-dumu. Amma tunda ita ke tuƙa wa alƙali tuwo, an sallame ta." Sannan ya matso kusa da kyamara, tawul ɗin ya zame masa zuwa ido, ya kira ki da sunan da yake kiranki saboda sunan mahaifiyarsa kika ci. Ya ce, "Uwata, ranar da za ki sa na gaske, ni zan gyara miki shi a ka."

Hotunansa muna da su da yawa, amma hoto ba ya magana. A nan ne kaɗai muke da muryarsa. Kuma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, na fara manta yadda yake furta sunana. Na san yana jan ƙarshensa, amma in na nemi sautin a kaina sai ya ƙi zuwa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na koma wajen Malam Nura a ranar. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya ajiye aikin da ke gabansa ya yi ta nema, ya haɗa wannan ya cire wancan. Daga ƙarshe ya ce, "Malama, sabon ya hau kan wurin. Na samo wasu gutsattsarin hotuna, amma bidiyon babu. Ba a kwafa a wani wuri ba?" Na ce ban sani ba.

Har yanzu ban sani ba. Lokacin da kika sayi wadda ke hannunki, na gan ki kin jera su biyun a tebur kina kwashe abubuwa da filash. In na tuna wannan sai in ji sanyi. Sai kuma in tuna Kirsimetin bara a tsohuwar muka kalle shi, in ce to me ya sa kika ɗauko tsohuwar in yana cikin sabuwar? Sai in ce wataƙila sabuwar ba caji ranar. Sai in ce a'a, ai akwai wuta. Haka nake ta yi. Na ɗauki waya zan tambaye ki ya fi a ƙirga, ina ajiyewa, domin muddin ban tambaya ba, yana nan.

Shawarar da ke cikin wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Kada ki ce a goge komai kina cikin fushi, ko kina sauri, ko kina son nuna wa wani cewa kin isa. In mai gyara ya tambaye ki sau biyu, ki koma gida ki kwana a kan maganar. Kuma duk abin da ba za ki iya jure rashinsa ba, ki ajiye shi wuri biyu, ɗaya ba a cikin jakar da kike yawo da ita ba. Wannan har da takardun karatunki, kada ki zo ana gobe jarrabawa ki ce kwamfuta ta cinye.

Yanzu kuma, tunda na riga na biya kuɗin wannan darasi da tsada, bari ki amfana da abin da na gano. A kan Linux ɗin nake buga miki wannan wasiƙa. Ki gaya wa Ishaya ban ce ya yi ƙarya ba. Tsohuwar nan da a da sai na kunna ta na je na ɗora ruwan shayi kafin ta farka, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Wurin rubutun ma ban sha wuyar gane shi ba. Amma firintar gida ta ƙi kula ni, kuma na tabbata rashin sanina ne, sai dai ba ni da wanda zan tambaya. Na kai rahoton zumuntar mata shagon buga takardu a Tudun Wada, yarinyar ta buɗe a tasu, sai ga layukan sun goce, teburin sunaye ya tsallaka wani shafi. Ta ce, "Mama, da me kika buga wannan?" Na faɗa mata, ta ce ba ta taɓa ji ba. Ni ina da yinin da zan zauna in gyara. Ke ba za ki samu ba.

Saboda haka ki nemi waɗanda suka gama makarantar bara ki tambaye su da me ake aiki a can. Ki tambaya ko akwai abin da makaranta ke sa ɗalibai su saka a kwamfuta wanda ba ya hawa kowane tsari, ni ban sani ba, kuma ina zaton Ishaya ma bai sani ba, shi ba lauya ba ne. Ki tambayi kanki wa zai duba miki ita a Inugu in ta yi gardama, tunda taubashin naki yana Zariya, kuma kin san shi da kashe waya. Malam Nura ya ce ana iya zuba tsarin a filash, ki tayar da kwamfutar daga jikinsa, ki yi wasa da shi yadda kike so, in kin zare filash ɗin komai naki yana nan yadda kika bar shi. Ki sa Ishaya ya yi miki haka. In ya ce ai wannan aikin matsorata ne, ki ce masa gwaggonsa ta ce ya zo Kano ya faɗa a gabanta.

In kika bi ta tawa, ki tafi da ita yadda take, ki riƙa gwada sabon a ranakun hutu, ki canza bayan jarrabawar ƙarshe. Kafin nan ni na ƙware, tunda gidan ba kowa sai ni da ita, in kin dawo in koya miki, in rama tsawar da kika yi min. Amma kwamfutarki ce, karatunki ne, kuma kin girma. In kin auna kin ga canzawa yanzu ya fi miki, ba zan yi fushi ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo, kuma ba shawara ba ce, roƙo ne.

Kafin Asabar, ki zauna ke kaɗai ki buɗe ta. A tsohuwar, cikin wata folda yake da kika sa wa suna Gida. Ki duba can, ki duba cikin bidiyoyi, ki duba duk inda ba ki zato. In kin same shi, kada ki tsaya turawa tukuna. Ki kira ni, ki kunna, ki kara wayar a jikin sifika, in ji ya kira sunana. Bayan nan sai ki kwafa, ki ba kawunki ɗaya, ki aiko min ɗaya, ki riƙe ɗaya don ranar da za ki sa gashin na gaske.

In kuma ba ki same shi ba, kada ki ɓoye min, kada ki sa kawunki ya faɗa min. Ba laifinki ba ne, ni na ce a goge. Ki kira ni da kanki. Duk gidan nan ba wanda ya iya kwaikwayon muryar babanki kamar ke, tun kina ƙarama kike sa shi dariya da ita. Sai ki nemi tawul ki ɗora a ka, ki yanke min hukuncin nan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Zan biya shago a buga min wannan a takarda, in kai ta tashar Unguwa Uku yanzu in ba direban Zariya, na ba shi lambar kawunki. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ki lafiya da kaifin fahimta, ya haɗa ki da abokan arziki, ya dawo min da ke da abin da kika je nema. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kada ki bar zuwa sujada saboda karatu.

Wayata a cike take da caji, kuma tana ɗaure a bakin zanina.

Ni ce mahaifiyarki,
Ladi